Daga Benen Sonara Zuwa Kasuwar Cadakori: Wa Zai Kula Da Ginin Da Aka Gada?

Jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji

  

Mai yiwuwa wani ya tambayi kansa, me ya haɗa Cadakori da zancen dogayen benaye, alhali gari ne da ba a saba ɗaga kai sama ba sai in za a dubi hadari? Amsar tana cikin gonakin da ke kewaye da wannan wuri. A shekarar 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA domin sayen gyaɗa da fitar da ita waje, kuma jihar Maraɗi da ta Damagaram su ne suka ɗauki nauyin cika masa buhuna. Yau kamfanin ya daɗe da rushewa, noman gyaɗar ma bai sake komawa matsayinsa ba tun bayan farin 1973 da 1974, amma duk wanda ya shiga tsakiyar birnin Yamai zai tarar da bene mai sunan Sonara yana tsaye. Ashe kuwa manomin Cadakori yana da haƙƙin ya tofa albarkacin bakinsa a kan benayen babban birni, tunda gumin kakanninsa yana cikin simintinsu.

Benayen Yamai ba a lokaci guda suka tsiro ba. Akwai na farko-farko, irin su benen El Nasr mai ɗauke da sunan wani kamfanin ƙasar Masar. Sa'an nan aka shiga zamanin ƙarfen yuraniyom: ma'adinan Arlit suka fara aiki a 1971, na Akuta suka biyo baya a 1978, kuɗi ya shigo baitulmali irin wanda ƙasar ba ta taɓa gani ba. A cikin wannan yalwa, ƙarƙashin mulkin Seyni Kountché, aka tsai da otel ɗin Gaweye a bakin kogi, da babban zauren taro da ke kusa da shi, da benayen ma'aikatu da na hukumar ma'adinai. Kowa ya ɗauka rijiya ce da ba ta ƙafewa. Sai ga shi daga farkon shekarun 1980 farashin ƙarfen ya faɗi a kasuwar duniya, bashi ya hau wuyan ƙasa, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu. Bankin BDRN, wanda ƴan kasuwa da dama suka ci bashinsa, ya durƙushe a 1990. Tsofaffin ma'aikatan da ke cikin wannan taro ba sa bukatar a tuna musu da shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba, balle kuma watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa, aka wayi gari farashin duk abin da ke zuwa daga ƙetare ya tashi. Gwamnatin da ta kasa biyan malamin makaranta, ina za ta sami kuɗin toshe rufin bene? Tun daga wannan lokaci ne gine-ginen suka fara tsufan da ya fi shekarunsu.

Zagaye na uku shi ne na kwanan baya. Gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka da Yamai ta karɓi baƙuncinsa a watan Yulin 2019, an sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, an gina otel ɗin Radisson Blu da na Noom da na Bravia, daga baya aka buɗe cibiyar taro ta Mahatma Gandhi wadda ƙasar Indiya ta tallafa. Kafin nan kuwa, a 2016, hukuma ta bi titunan birnin ta rushe ɗimbin rumfuna da shaguna na ƙananan ƴan kasuwa da sunan ƙawata gari. Maraɗi ma ta ɗanɗana nata rabon a shirin Maraɗi Kwalliya, na bikin 18 ga Disamba na 2015. Babu mai musun cewa an sami hanyoyi da fitilu da masaukin baƙi. Abin da ya rage a duba shi ne, sabon gilashin da ke ƙyalli a gefe guda da tsohon simintin da ya yi baƙi a ɗaya gefen, duk mai gida ɗaya ne yake da su, kuma halinsa bai sauya ba.

Idan aka saurari hirar mutane a kan waɗannan tsofaffin gine-gine, a majalisar shayi ko a ƙofar ofis, ra'ayi ya rabu. Wasu, yawancinsu matasa da ƴan kasuwar da suka ga Dubai da Gwanju, cewa suke yi a rushe su a huta, munana ne, sun yi kama da kurkuku, suna ba da kunya gaban baƙi. Wasu kuma, galibi tsofaffin ma'aikata, suna kallonsu da idon ƙauna, domin a cikinsu suka fara karɓar albashi, kuma suna rantsuwa da cewa simintin da can ya fi na yanzu ƙarfi. Akwai kuma waɗanda ke ganin tun asali ma kuskure ne a kawo kankare ƙasar da zafin rana kan wuce awo 40 a watan Afrilu da Mayu.

Masu cewa a rushe suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, wato cewa ginin da ya ruɓe haɗari ne ga rayuka. Amma kafin a yanke wa gini hukuncin kisa, ya kamata a san ciwon da ke damunsa, kuma a nan ne jawabin zai ɗan daɗe, domin abin ya shafi benen Yamai kamar yadda ya shafi shagon da alhaji ke shirin ɗora wa hawa ɗaya a kasuwar garinsu.

Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, shi ya sa ake dasa masa rodi a ciki. Muddin rodin yana lulluɓe da kankare mai kauri, sinadarin da ke cikin simintin yana kare shi daga tsatsa. Da tafiyar shekaru iska kan ratsa fatar kankaren sannu a hankali ta raunana wannan kariya, in kuma ruwa ya sami hanya, rodin sai ya fara tsatsa. Ƙarfen da ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tura kankaren da ke kansa, ya tsaga shi, har ɓarɓashi ya riƙa faɗowa. Duk ma'aikacin da ya taɓa ɗaga kai a ofis ya ga rodi ja ya leƙo daga rufi, to wannan ciwon ya gani. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasar nan kuwa, inda babu gishirin teku irin wanda ke cin gine-ginen Legas da Kwatano, kuma iska a bushe take mafi yawan shekara, ruwan da ke kashe bene daga wurare biyu yake fitowa: rufin da aka bari kwalta ta mutu a kansa indararo ya toshe da ƙurar hunturu, da kuma bututun ban-ɗaki da ke yoyo cikin bango shekara da shekaru ba wanda ya kula. Duka biyun aikin leburori ne da mai gyaran famfo, kuɗinsu bai kai na motar darakta guda ba. Galibin tsofaffin benayen da ake zagi, ƙashinsu lafiya lau yake. Fatar ce ta lalace saboda sakaci.

To me ya sa ake sakacin? A nan siyasa ta shigo. Sabon gini yana da ranar aza harsashi da ranar yanke ƙyalle, ana kiran maroƙa da gidan talabijin, ana liƙa allo mai sunan shugaba. Gyaran indararo ba shi da biki. Sabuwar kwangila tana da kauri, kowa ya san yadda ake yi da ita; kwangilar fenti da toshe yoyo ba ta cika baki ba. Saboda haka idan aka zo rage kasafin kuɗi, layin kula da gine-gine shi ne maraya, shi ake fara yankewa. Mulkin soja ya yi haka, mulkin farar hula ya yi haka, jam'iyyun da suka yi ta zagin juna a filin yaƙin neman zaɓe sun yi tarayya a wannan hali ba tare da wata yarjejeniya ba.

Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba. A Abijan akwai benen da ake kira La Pyramide, wanda aka kammala a farkon shekarun 1970 lokacin da koko da kofi ke tashe; ya zama abin alfaharin birnin, daga baya aka yi watsi da shi ya koma kango a tsakiyar unguwar bankuna. A Ibadan kuwa Cocoa House mai hawa 26, wanda aka gina da kuɗin manoman koko aka buɗe a 1965, gobara ta ci shi a 1985, amma aka gyara shi aka mai da shi bakin aiki. Ginin biyu kusan tsararraki ne. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya sami mai kula.

Akwai wani labari da ya dace masu cewa a rushe su ji. Wani Bafaranshe mai zanen gini, Jean-Philippe Vassal, ya zauna a Yamai yana aiki daga 1980 zuwa 1985, kuma ginin farko da shi da abokiyar aikinsa Anne Lacaton suka yi, bukkar zana ce a kan tudun rairayi kusa da kogin Kwara. Da suka koma Faransa sai suka ɗauki aƙidar cewa ba a rushe ginin da za a iya gyarawa. A birnin Paris sun karɓi wani tsohon benen kankare na masu ƙaramin ƙarfi, Bois-le-Prêtre, wanda mutane da yawa ke ganin ya isa rushewa, suka ƙara wa kowane gida baranda da haske, aka gama a 2011 ba tare da an kori mazauna ba, kuma da kuɗin da bai kai na rushewa da sake gini ba. A 2021 aka ba su lambar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a wannan sana'a. Sun sha faɗin cewa zaman Nijar ne ya koya musu tattalin abin da ke hannu. Abin mamaki ne a ce baƙo ya koyi darasi a gida ya tafi da shi, masu gida kuwa suna neman katafila. Da tsohuwar zuma ake magani.

Su kuma tsofaffin ma'aikata da ke cewa simintin da ya fi na yanzu, akwai gyara a maganarsu. Siminti bai lalace ba, awo ne ya lalace. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce, ginshiƙi da rufin kankare suna bukatar kilo 350 na siminti, wato buhu 7, a kowace mita guda ta tsawo da faɗi da zurfi. Ana so rodi ya sami lulluɓin da bai gaza santimita biyu da rabi zuwa uku ba. Ana so a yi ta shayar da sabon kankare ruwa har mako guda a ƙalla, domin ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar simintin da ruwa ce, kuma sai ya kwana 28 kafin a ce ya nuna. Yanzu a dubi yadda ake yi: mai gini ya rage buhu biyu, ɗan kwangila ya rage ɗaya, magini ya tsuga ruwa don kwaɓin ya yi laushi, a zuba da tsakar rana a watan Afrilu, a cire katako bayan ƴan kwanaki domin ana jiransa a wani wurin aikin. Daga baya kuma ciniki ya buɗe, sai alhaji ya ce a ɗora hawa biyu a kan harsashin da aka haƙa don shago ɗaya. Araha ba ta ado. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Agustan 2022 wani mai hawa uku ya faɗi a titin Beirut na Kano, a tsakiyar kasuwar wayoyi, inda ƴan kasuwar Maraɗi ke zuwa sari. Duka biyun sababbi ne fil, ba tsofaffi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai kuma batun wuta, wanda masu sha'awar tsawo ba su cika son a tayar ba. Bene mai hawa goma ba ya rayuwa sai da lif mai hawa da sauka da mutane, da injin tura ruwa sama, da na'urar sanyaya ɗaki, musamman in an lulluɓe shi da gilashi. Shekara da shekaru kafin 2023 mafi yawan wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ta riƙa zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta katse layin, bai dawo ba sai bayan da aka ɗage takunkumi a 2024. A cikin waɗannan watanni kowa ya ga abin da dogon gini ke zama in babu wuta. A nan tsofaffin benayen ma sun fi wasu sababbin hankali, domin masu zanensu sun sa musu baranda mai zurfi da haƙarƙarin kankare a gaban taga don tare rana, sun bar hanyar da iska za ta ratsa. Abin da ake kira muni a fuskarsu, inuwa ce aka gina da gangan.

Waɗanda ke cewa kankare baƙo ne a ƙasar nan su ma ba a banza suke magana ba. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 da ƙasa aka gina ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Tun 1980 aka fara koyar da gini marar katako a Cikal, inda ake rufa ɗaki da tubali kaɗai, ba azara ba kwano, abin da ke da muhimmanci ga yankin da giginya ta yi ƙaranci. A Dandaji, cikin 2018, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu maimakon su rushe shi. To amma kada son gargajiya ya rufe ido. Daminar 2024 ta rusa dubban gidajen ƙasa a faɗin Nijar, a ƙarshen watan Agusta ruwa ya yi ɓarna mai yawa da asarar rayuka a birnin Maraɗi, kuma a ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara, da harsashin dutse ko na siminti, da wurin da ruwa ba ya kwanciya. Mutanen Maraɗi sun fi kowa sani, tunda ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tilasta aka tashi tsohon garin daga fadama aka koma kan tudu. Da ƙasa da siminti, duk wanda aka bari ba kulawa ruwa ne ajalinsa.

Yaushe ne bene ke da hujja? Sai inda fili ya yi tsada har hawa sama ya fi sayen na kusa sauƙi. A kewayen Kantin Kwari na Kano, ko a zagayen babbar kasuwar Maraɗi, ana iya yin wannan lissafi ya fita, kuma idan layin dogon Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ya iso, filayen da ke kusa da tasha za su ƙara daraja. Amma ɗan kasuwa ya tuna cewa Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023, kuma a kowane karo masu shaguna sun kasa biyan haya. Kuɗin da aka binne a hawa na uku ba ya dawowa ya sayi wake ko albasa ranar da farashi ya faɗi. Sito mai kyakkyawan daɓe da rufin da ba ya yoyo, a Cadakori ko Gazawa, ya fi kawo riba a kan benen da aka yi don a ce wane ya yi. Garin nan ma ya ga wata irin bukata ta gini da ba ta da alaƙa da tsawo: tun da rikicin ƴan bindiga ya koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina daga 2019, Cadakori na cikin wurare uku, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, da aka tsugunar da ƴan gudun hijira nesa da iyaka. Abin da wannan ƙarin jama'a ya nema shi ne azuzuwa da ɗakin shan magani da rijiyoyi.

Ga ma'aikata kuwa, maganar ta fi kusa da gida. A kusan kowane babban gari na waɗannan gundumomi akwai ajin makaranta, ko ɗakin haihuwa, ko ofishin gona da aka gina da siminti a shekarun yalwa ko da kuɗin wani shirin taimako, yau jemagu ne ke kwana a ciki, yara kuma suna karatu a rumfar kara a gefensa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004 aka ɗora wa gundumomin karkara nauyin irin waɗannan gine-gine, ba tare da an ba su kuɗin da ya kai nauyin ba. A watan Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, harajin kasuwa da na tasha da na dabbobi daga aljihun mutanen da ke zaune a wannan zaure yake fita, don haka suna da damar su nemi a kawo musu lissafi: gine-ginen hukuma nawa ne a cikin gundumar, wanne ne ke yoyo, nawa aka ware a kasafin bana domin gyara, kuma wane injiniya ne ya duba harsashi kafin a sa hannu a takardar izinin ɗora bene a bakin kasuwa. Wanda ke son a hau rufin ajin da ke ƙauyensu a share indararo, a toshe tsaga, to watan Afrilu ne lokacinsa, kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.